Lissafin Mie a kan manyan ƙwayoyin dusar ƙanƙara: wa ya gwada, me ya gani?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina lissafin yawan hasken da dusar ƙanƙara ke mayarwa sama, da dabarar Gustav Mie ta 1908, wadda ke lissafa yadda ƙwaya mai siffar ƙwallo ke watsa haske. Ƙananan ƙwayoyi lafiya lau. Amma da na kai ƙwaya mai rabin faɗin milimita 1, a haske mai zangon maikuromita 0.5, ma'aunin girma (wato kewayen ƙwayar a raba da zangon hasken) ya haura 12,000, kwamfuta ta yi ta jan ƙafa, sakamakon kuma sai hawa da sauka. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya ba mu labari.

Wani malamin jami'a: Wa alaikumus salam. Na sha fama da shi, 'yata. Adadin gaɓoɓin da za ki tara yakan ɗan zarce ma'aunin girman, dole aiki ya yi nauyi. Abin da ya fisshe ni shi ne bin jerin daga sama zuwa ƙasa, domin in aka bi shi daga ƙasa kuskure na iya taruwa har ya cinye amsar. Hawa da saukar kuwa ba laifin kwamfuta ba ne, halin ƙwallo guda ne. Ki lissafa girma daban-daban masu yawa, ki ɗauki matsakaicinsu, layin zai kwanta.

Mai bincike a Kanada: Malam ya yi gaskiya, amma ni damuwata ta fi nan. Na auna dusa da hannuna a fili, ban taɓa ganin sabuwar ƙwaya mai siffar ƙwallo ba. Sabuwa takan yi daidai da ƙwallo mai rabin faɗin maikuromita 50 zuwa 100, tsohuwa mai narkewa ta kai 1,000, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon hasken da take sha a zangon da ido ba ya gani. A zangon haske na wajen maikuromita 1.5 dusar kusan baƙa ce. Shawarar Grenfell da Warren ta 1999, wato a musanya ƙwayar da ƙwallaye masu daidai rabon jiki da fata, ta yi mini aiki a jimillar hasken da ke komawa. Alkiblar da hasken ke bi ce ta ƙi. Ƙwallo yana tura haske gaba sosai, ma'aunin wannan turawar wajen 0.89 (iyakarsa 1), har ya zana bakan gizo a lissafi, abin da na'urata ba ta gani ba. Sai da na koma bin sawun haske a cikin ƙwayoyi marasa tsari, tunda ƙwayar ta ninka zangon sau ɗaruruwa har zuwa dubbai, kafin lissafi da awo suka matso kusa.

Mai aikin yanayi a Nijar: Mu ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi muke bi, da bayanan tashar AERONET (masu auna ƙurar iska) ta Banizumbu a nan Nijar, kuma ciwon iri ɗaya ne. Ƙwallo ba ya ba da hasken gefe daidai. Na koma siffar ƙwai da dabarar T-matrix, ta lissafin ƙwayoyin da ba ƙwallo ba, ita ma in ƙwaya ta yi girma sai ta gaza. Ƙanwata, kada ki manta da datti. Ƙanƙara ba ta shan hasken da ido ke gani sai ƙalilan, saboda haka ƙurar Sahara da ke sauka a duwatsun Alps, ko 'yar toka kaɗan, ta isa ta sauya miki amsa.

Ɗalibar: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya na Kanada, wane tebur ka ɗauka na yadda ƙanƙara ke karya haske?

Mai bincike a Kanada: Na Warren da Brandt na 2008. Tsohon na 1984 ya zuzuta shan shuɗin haske, ki bar shi.