Blakberi a Ingila ta zamanin Biktoriya: abin da aka tattara

To ga dai abin da mutane suka fi nanatawa wa mai son rubuta labari kan rayuwar talakan Ingila lokacin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901. Na farko wai kar ka sa blakberi, wato wasu ƙananan 'ya'yan itace baƙaƙe da ake ci, a lambun attajiri, a shingen ƙaya na bakin gona yake fitowa, kyauta ne, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba yara ke fita da kwanduna kamar yadda namu ke zuwa magarya, su dawo hannu duk ya yi shunayya ƙaya ta yayyage musu ƙafa, wasu ma har makaranta suke gudu saboda 'yan kuɗin da za a samu a kasuwa.

Sai maganar lokacin tsinka, nan masu ba da shawarar suka fi daɗewa. Camfin mutanen Ingila shi ne bayan bikin Kirista na tunawa da Mala'ika Mika'ilu, 29 ga Satumba, wasu yankuna kuma 10 ko 11 ga Oktoba, ba a tsinka don Shaiɗan ya tofa masa yawu. Ni dai ina ganin hikima ce, lokacin sanyi da danshi sun shigo 'ya'yan sun fara fumfuna.

An kuma ja kunne kan jam, wato 'ya'yan itace da ake dafawa da sukari a shafa a burodi, domin sukari na da tsada sai da aka cire masa haraji a 1874 ya wadata gidan talaka, don haka a duba shekarar labarin tukuna. Ruwan blakberi da binega (ruwan tsami) kuma ana ajiyewa don mura da ciwon maƙogwaro, ganyen a dafa wa mai gudawa.