Wai sabwufa yaudara ce? Yadda ta kaya a zauren masu haɗa sauti

Mai Inci Biyar: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Sabwufa, wato sipikar nan mai fitar da ƙasan sauti (bes) da muke ce wa sab, a ƙaramin situdiyo yaudara ce, wallahi tsagwaron yaudara. Ina zaman zamana da monitocina, wato sipikokin da nake sauraron aiki da su, masu inci biyar a kan tebur, aiki yana fita daidai gwargwado, aka yi ta zuga ni wai ba na jin ƙasan sauti, wai sai na sa sab zan san abin da nake yi. Na saya. Tun daga nan duk waƙar da na haɗa, a ɗakina bes har girgiza tebur yake, amma da an sa ta a mota sai ka ji ta fayau, ba nauyi ko kaɗan. Abin da ya fi ƙona min rai, bes ɗin ma ba ya tafiya daidai. Wani sautin ya cika ɗaki har gilashin taga yana rawa, na gaba da shi kuma ya ɓace ɓat. Jiya mai waƙa ya dawo min da aiki. Duk wanda ya ce ka saya, cutar ka zai yi.

Sarkin Bes: Wa alaikumus salam. Yaudara fa ka ce? Malam, ka janye kalmar nan. Mu da muke aiki da sab kullum mu ne mayaudaran ke nan, ko mu ne wawayen da aka yaudara?

Mai Inci Biyar: Ni ban kama sunan kowa ba.

Sarkin Bes: Ai ba sai ka kama ba. Kowa a zauren nan ya san ni na fara ba ka shawarar.

Kunnen Zinare: Kai ma dai Sarki, an ce yaudara, ba a ce sata ba. Yaudara ita ce abu ya nuna maka abin da babu. Sab ya nuna masa bes ɗin da babu shi a cikin waƙar. To mene ne sunan wannan?

Ɗan Gardama: A'a Oga, yaudara sai da niyya. Akwatin katako da maganaɗisu a ciki wace niyya gare shi? Ya ce "ruɗi" mu yarda.

Kunnen Zinare: Ruɗi da yaudara ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ɗan Gardama: Ba ɗaya ba ne. Mutum yana iya ruɗa kansa da kansa, amma yaudara sai da na biyu.

'Yar Lissafi: Yayana Mai Inci Biyar, don Allah amsa min abu uku. Tsawon ɗakin da faɗinsa nawa ne? A ina ka ajiye sab ɗin? Kuma wayoyin monitocin daga ina suka fito, daga bayan sab ko kai tsaye daga intafes, wato na'urar da ke fitar da sauti daga kwamfuta?

Mai Inci Biyar: Ɗakin zai yi mita 4 da mita 3. Sab yana lungu, gefen tebur. Monitoci suna nan yadda suke tun da, kai tsaye, sab ɗin na ba shi layinsa daban. Maɓallin kurosoba, mai yanke iyakar sautin da sab zai fitar, yana kan 120Hz, na ƙarfi kuma na murɗa shi kusan ƙarshe don in ji abin da na saya.

Sarkin Bes: Kun ji ko! Ya murɗa kusan ƙarshe, sannan ya zo yana kiran mutane mayaudara.

Tsohon Hannu: Yaran zamani ke nan. Monitar Yamaha NS-10 ta fito tun 1978, ƙasanta ba wani abin a zo a gani ba ne, amma manyan situdiyoyin duniya sun shafe shekaru suna haɗa waƙoƙi a kanta har aka daina ƙera ta a 2001. Wa ya ji suna kukan sab? Ni ina bayan yaron nan. Kunne shi ne jari, sauran duk tarkace ne.

Sarkin Bes: Baba, da girmanka, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Waɗancan situdiyoyin suna da manyan sipikoki a jikin bango, da su ake duba ƙasa. NS-10 ta tsakiyar sauti ce. Kuma kiɗan yau ba na wancan lokacin ba ne. Ɗauki monitar Yamaha HS5 mai inci biyar, ita kanta takardar kamfanin 54Hz ta rubuta a matsayin iyakar ƙasanta (iya ƙanƙantar adadin Hz, iya kaurin sauti), shi ma a inda sautin ya riga ya faɗi da 10dB. Igiyar ƙasa ta jitar bes mai igiya huɗu tana kan 41Hz, mai igiya biyar kuwa har kusan 31Hz take sauka. Bar ma maganar bes ɗin injin kiɗan nan 808. Abin da sipika ba ta fitar ba, da wane kunnen za ka ji shi, ko na zinare ne?

Kunnen Zinare: Ka bar sako sunana a ciki.

Tsohon Hannu: Ita 808 ɗin da kake tinƙaho da ita, injin Roland ne na 1980. Kafin a haife ka muke jin ta.

Sarkin Bes: Ji daban, haɗawa daban, Baba.

'Yar Lissafi: Jama'a ku tsaya, an bar jaki ana dukan taiki. Ɗakin ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Raba wannan da ninkin tsawon ɗakin, wato 8, ka samu kusan 43Hz. Faɗin mita 3 kuma ya ba da kusan 57Hz. A waɗannan wurare biyu ɗakin da kansa yake amsawa, sautin ya taru a jikin bango ya yi rauni a tsakiyar ɗaki. Shi ya sa wani sautin yake kumbura wani ya ɓace, ya danganta da inda kujerarka take. Ga shi 43 tana dab da 41 ɗin da Sarki ya ambata. Sannan ka kai sab lungu, inda ya fi ko'ina tayar da wannan amsawar. Ka bar monitoci suna fitar da nasu ƙasan, sab kuma yana hawa har 120, ke nan daga wajen 60 zuwa 120 baki biyu ke magana lokaci guda, wani wuri su haɗu su yi yawa, wani wuri su kashe juna. Kana jin bes ya yi yawa, sai ka rage shi a cikin waƙar. A mota kuwa babu ɗakinka, sai ragin ya fito fili.

Ɗan Gardama: To kun gani, ruɗi ne. Na ci gardama.

Kunnen Zinare: Ita da bakinta ta ce yana jin abin da babu a waƙar. Yaudara ke nan, sai dai a ce ɗaki ne mayaudarin.

Ɗan Gardama: Ɗaki ma ba shi da niyya.

Mai Rawaya: Ni tambayata ɗaya, wane kamfani ne sab ɗin? Don in KRK ne da ba mu ji wannan kukan ba.

Mai Inci Biyar: Ba zan faɗi kamfani ba.

Mai Rawaya: Shi ke nan, mun gane. Irin marasa sunan nan ne.

Sarkin Bes: Kai da komai KRK. Ko fanka aka yi magana sai ka ce KRK. Sab ɗin JBL LSR310S inci goma ne, yana da kurosoba a 80Hz a jikinsa, ka sa wayoyi ta cikinsa ya yanke wa monitoci ƙasa, an gama.

Mai Rawaya: Kamar KRK ba ta da kurosoba. Nawa JBL suke biyan ka?

Ɗan Hedfon: Duk wahalar banza kuke. Hedfon mai kyau ba ruwansa da lungu ko bango. In ina son duba ƙasa, shi nake sawa, in cire in ci gaba da monita. Kuma tsakani da Allah, yawancin masu sauraro a sipikar waya suke ji, wa zai ji 40Hz a can?

Sarkin Bes: Sai ranar da aka sa waƙarka a manyan sipikoki a gaban jama'a, ƙurar da ka bari a ƙasa ta tashi.

Tsohon Hannu: Ya liƙa soso a bango ko kiret ɗin ƙwai, magana ta ƙare.

'Yar Lissafi: Baba, ka yi haƙuri, soso ba ya taɓa bes. Tsawon zangon sautin 80Hz ya haura mita 4, na 40Hz ya haura mita 8. Soso mai kaurin yatsu biyu saman sauti kawai yake sha, ya bar ɗakin a dushe, ƙugin kuma yana nan. Sai abu mai kauri sosai a kusurwoyi. Yayana, ga abin da za ka gwada ba tare da ka sayi komai ba. Fitar da layi daga intafes zuwa sab, daga sab zuwa monitoci, in naka yana da wannan hanyar. Mai da kurosoba wajen 80Hz, don ƙasa da nan kunne ba ya saurin gane inda sauti ke fitowa. Ɗora sab a kan kujerar da kake zama, kunna bes mai hawa da sauka, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji sautukan sun fi fitowa daidai da juna, nan ne mazauninsa. Sai makunnin nan na baya mai 0 da 180: kunna sautin 80Hz, zauna a wurinka, wani ya juya maka shi, ka bar shi a inda sautin ya fi cika. Ƙarfi kuma ka sauke shi ƙasa gaba ɗaya, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan da waƙar da ka sani sarai, ka tsaya tun kafin ka fara jin sab ɗin a matsayin abu daban. In da hali ka auna da REW, manhaja ce ta kyauta, makirfon awo irin UMIK-1 kawai take buƙata.

Kunnen Zinare: Awo, awo. Mai sauraro da jadawali yake jin waƙa? Ni kunnena ya ishe ni.

'Yar Lissafi: Oga, tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa yadda kunne ke jin bes yana canzawa da ƙarfin sauti. In ka rage murya, ƙasa ne ke fara ɓace maka. Kunnen da kake dogaro da shi ma sai an san a wane ƙarfi yake aiki.

Mai Rawaya: Tunda an zo maganar makirfon awo, wanda ya ari nawa a zauren nan ya san kansa. Har yau shiru.

Sarkin Bes: In da ni kake, fito fili. Na ce maka yana wurin yarona.

Mai Rawaya: Ni yaronka na ba wa?

Ɗan Gardama: To wannan ita ce yaudara ta gaskiya, don akwai niyya.

Sarkin Bes: Ka iya bakinka. Kai da ko monita ba ka da ita, da sipikar kwamfuta kake aiki.

Ɗan Gardama: Da ita na gyara aikin da aka karɓo daga wurinka.

Tsohon Hannu: Subhanallahi. Ku ji tsoron Allah, ku bar tone-tone.

Mai Inci Biyar: Ni fa har yanzu ba wanda ya ce min in mayar da shi ko in riƙe.

Mai Rawaya: Faɗi kamfanin tukuna.

Admin: To jama'a, ya isa haka, zan rufe wannan zaren. Ga abin da aka cimma. Kusan kowa ya yarda cewa monita mai inci biyar ba ta isa aikin zamani ba, sab wajibi ne, kamar yadda Sarkin Bes ya kawo hujja da alƙaluma, kuma ni ma shaida ne don da shi nake aiki. Kalmar yaudara ba ta dace ba, muna fatan mai ita zai janye. Baba Tsohon Hannu ya tuna mana tarihi, mun gode, amma zamani ya wuce nan. Masu maganar hedfon ba su kawo wata hujja ba. 'Yar'uwarmu ta yi dogon bayani a kan lissafin ɗaki, mai lokaci ya koma sama ya karanta, amma a taƙaice ita ma goyon bayan sab take yi. Maganar makirfon a je a yi ta a keɓe, ba a nan ba.

'Yar Lissafi: Yallaɓai, ni ban ce wajibi ne ba. A ɗaki mai mita 4 da 3 da ba a gyara ba, zai iya ƙara

*Admin ya taƙaita tura saƙo. Admin kaɗai ke iya rubutu yanzu.*