Neman shawara: aksil ɗin bayan tsohuwar Land Rover ɗin da na gada, ban gane na wace mota ba ne

Ɗan Babura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Land Rover ce ta marigayi kawuna, doguwar nan 109, Series IIA, mai injin fetur. Ta daɗe a jingine a bayan gida har kaji suna ƙwai a cikinta. Na tayar da injin, na gyara birki, tana tafiya. Matsalar tana aksil ɗin baya. Waɗanda suka san motar sun ce kawu ya taɓa canza shi da na gwanjo, amma ba wanda ya san daga jikin wace mota aka ciro. Noti biyar ne, rim ɗinta na asali ya hau daidai, birkin duram ne. Tulun tsakiya yana da murfi ta baya mai kusoshi, na gaba kuwa ba shi da irin wannan murfi. Tayoyin baya sun ɗan fi na gaba fitowa waje, kuma akwai tabon walda inda sifirin ya zauna. Lamba tsatsa ta cinye. A kan kwalta lafiya lau, sai dai ba ta da ƙarfin tashi. Amma da na danna liba mai kan rawaya don tayoyi huɗu su ja, sai ta riƙa ƙagewa tana tsalle, sitiyari ya yi tauri. So nake ta riƙa kai mini riɗi da gero kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kun san yashin hanyarmu. Wane aksil ne wannan, kuma ya zan yi?

Direban Gumel: Wa alaikumus salam. Na Hilux ne ko Land Cruiser, haka ake yi musu a nan.

Oga na Ƙofar Ruwa: A'a direba, duba bayanin yaron da kyau. Tsohuwar Land Cruiser da Hilux mai jan huɗu noti shida ne, shi kuwa ya ce biyar, kuma rim ɗin Land Rover ya zauna ba a huda komai ba. Daga gidansu aksil ɗin ya fito. Ƙanena, iri biyu za ka fi cin karo da su. Akwai na Rover, wanda ake zare kayan cikinsa gaba ɗaya ta gaba, irin na gaban motarka ke nan. Akwai kuma Salisbury, mai tulun ƙarfe zubi da murfi ta baya, ya fi girma, ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Naka Salisbury ne. Shi ake sa wa doguwar Series III, wadda ta fito a 1971, kuma shi ne a bayan Land Rover 110 da ta biyo baya a 1983.

Baba Tsohon Makanike (Ringim): Yaro, kafin komai, kada ka sake taɓa libar nan mai rawaya, jar ma ka ƙyale ta, don ita ma tana haɗa gaba da baya. Ogan Ƙofar Ruwa ya faɗi gaskiya, ni kuma zan ƙara maka. Salisbury na Series III a kan sifirin mai falle-falle aka yi shi, da ya zauna a motarka ba walda, faɗinsa kuma ɗaya da na gaba. Tunda naka ya fi faɗi, ga tabon walda, na 110 ne mai sifirin nannaɗe, aka yanke mazauninsa aka ɗora masa na falle. Ba nan gizo ke saƙar ba. Lissafin haƙoran ciki ne ya bambanta. Na Series 4.7 ne, wato farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil, ta juya sau huɗu da ɗigo bakwai kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Na 110 da tsohuwar Range Rover 3.54 ne. In ka haɗa tayoyi huɗu, farfelar gaba da ta baya gudu ɗaya suke yi dole, amma tayoyin baya suna neman su fi na gaba sauri da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kamar ka ɗaura shanun huɗa biyu ne, ɗaya na sassarfa ɗaya na tafiyar ƙasaita. A yashi taya za ta sulale ta rage wahalar, a busasshiyar ƙasa kuwa sai wani ƙarfe ya biya kuɗin, galibi shaf ɗin aksil ɗin gaba, don shi ne mai rauni. Rashin ƙarfin tashin ma daga nan ne.

Kada ka ɗauki maganata haka kawai, gwada. Tare tayoyin gaba da dutse, ka sa giya a furi, ka saki birkin hannu. Ɗaga tayar baya ɗaya tak da jak, ɗayar na ƙasa. Sa alli a taya, sa a farfela. Juya tayar sau biyu cif, wani na kwance yana ƙirga juyin farfela. In ta kusa biyar, 4.7 ne. In uku da rabi ce, 3.54. Kuma a sa kututture a ƙarƙashi, jak kaɗai ba abin yarda ba ne.

Malamin Makaranta: Baba me ya sa sau biyu?

Baba Tsohon Makanike (Ringim): Saboda ɗayar tayar a tsaye take, Malam, giyoyin ciki sai su ninka wa wadda ke sama gudu. In ana son tabbaci a buɗe murfin a ƙirga haƙora: babba 47 ƙarami 10 shi ne 4.7, babba 46 ƙarami 13 shi ne 3.54. Dama lokacin zuba sabon man giya mai lamba 90 ya yi.

Ɗan Babura: Baba Allah ya ƙara girma. Mun gwada da ƙanena bayan la'asar, uku da rabi ta yi, har da ɗan ɗoriya.

Direban Gumel: To na janye. Amma mafita mai sauƙi: a samo kayan cikin aksil na tsohuwar Range Rover mai 3.54 a zura a gaba, sun zo ɗaya ke nan, ga sauƙin mai a kan titi.

Oga na Ƙofar Ruwa: Yana shiga, in an dace da mai tsaga goma a inda bakin shaf ke shiga, irin na shaf ɗinsa, don na baya-bayan nan tsaga 24 ne. Amma ni ban ba shi wannan shawara ba. Injin nan bai kai lita biyu da rabi ba. Ka loda buhunan gero ka shiga yashin Babura da 3.54, kulocin ne zai ƙone. Wanda zai yi yawon gari da ita ya yi hakan. Kai nemo Salisbury na Series III mai 4.7 sukutum, ka sayar da wannan, masu 110 na nemansa. Canza haƙoran ciki kaɗai ma ana yi, sai dai aikin gwani ne, in ba a saita su daidai ba kuka za su riƙa yi har su cinye juna.

Ɗan Babura: Na ɗauki ta Oga. In na shigo Kano me zan duba kafin in biya?

Oga na Ƙofar Ruwa: Taho da igiya da ka auna faɗin aksil ɗin gaba da tazarar sifirin ɗinka biyu. Taho da alli, ka yi gwajin Baba a gaban mai kayan. Ka sa a buɗe murfi ka ga haƙora da idonka, ka shafa man ka ji ko da garin ƙarfe. Farfelarka ma ka auna tsawonta, don hancin Salisbury ya fi na Rover tsawo, ban san wadda kawunka ya sa ba.