Dogon hannun agogona ya ƙi komawa kan 12

Assalamu alaikum 'yan uwa. Agogona na hannu mai batir ne, da maɓallai biyu a gefe. Na sama, saitin ƙarfe 2, shi ke tayar da dogon hannun sakan ya kuma tsayar da shi. Na ƙasa, saitin ƙarfe 4, shi ke mayar da shi farko. Tunda aka canja masa batir, in na danna na ƙasan sai hannun ya tsaya kusa da ƙarfe 1. Ya lalace ke nan? Kyautar mahaifina ce, ba na son rasa shi.

Mai gyaran agogo: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa, lafiyarsa ƙalau. In aka cire batir, agogon kan manta inda hannun ya kamata ya tsaya. Jawo kan nan na tsakiya da ake saita lokaci da shi har ƙarshe, sai ka riƙa danna maɓallin sama, hannun zai riƙa matsawa kaɗan-kaɗan har ya hau kan 12, sannan ka mayar da kan ciki. Wasu na ƙasan ne ke wannan aikin, wasu kuma sai an haɗa biyun an riƙe, don haka duba takardar agogon. Kada ka bari a buɗe shi a lanƙwasa hannun.

Wata 'yar uwa: Ni ruwa nake jiye maka. Kowane maɓalli akwai ƙaramar roba a ciki mai tare ruwa, in ka danna shi a jiƙe ruwa na iya shiga, kuma robar tana bushewa in ta tsufa. Shi ya sa Rolex ta fara yi wa agogonta mai suna Daytona maɓallai masu murɗi a 1965. Ka ga tururi a cikin gilashin, kai shi gyara ranar.

Wani dattijo: Yaro, ƙari kan abin da suka faɗa: ka saba tsayar da hannun da na sama kafin ka taɓa na ƙasa. A agogon da ba na batir ba, wanda ake murɗawa ya yi aiki, matsa na ƙasa da ƙarfi hannu na tafiya kan iya ɓata ƙarafan ciki, sai dai irin waɗanda aka ƙera musamman don haka. Kuma kada ka bar shi yana ta zagaye dare da rana, batir yake ci.

Mai tambaya: Na gwada, Malam, na saman ne, ya hau 12 daidai. Baba, na ji, Allah ya saka da alheri.