Ɗana mai shekara 11 yana da ƙiba, kuma ƙafafunsa suna saurin gajiya

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan ɗana mai shekara 11, wanda nauyinsa ya kai kilo 62 a awon watan jiya. Tun yana ƙarami yake da jiki, dangi kuma suna yabawa, suna cewa alamar ƙoshi ce. Amma a 'yan watannin nan na lura cewa idan zai tashi daga sujada sai ya dafa ƙasa, idan ya hau bene sai ya tsaya yana haki, kuma ya daina fita ƙwallo da sa'o'insa. Mahaifinsa yana ganin ƙyuya ce kawai. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin yakan ce gwiwarsa ta hagu tana ciwo. Shin ƙiba tana raunana tsokar ƙafa ne, ko wata cuta ce daban?

Ma'aikaciyar Gashin Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina roƙon a daina kiran yaron nan malalaci. Idan aka auna ƙarfin tsokar cinyar yaro mai ƙiba, sau da yawa akan tarar ya kai na sa'o'insa ko ma ya fi, domin kullum tana ɗaukar kaya. Sai dai idan aka gwada ƙarfin da nauyin da za ta ɗaga, sai a ga bai isa ba, kamar a ɗora wa jaki mai lafiya kayan jakai biyu. Ban da haka, kitse yakan kutsa cikin tsokar kanta ya rage ingancin aikinta, kuma a tafiya kaɗai gwiwa tana ɗaukar abin da ya ninka nauyin jiki sau biyu zuwa uku, a hawan bene kuwa ya fi haka. Idan motsi ya yi wa yaro wuya sai ya guje shi, tsokar ta ƙara rauni, nauyin ya ƙaru.

Amma abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne ciwon gwiwa ɗaya. A tsakanin shekara 10 zuwa 16, musamman ga yara maza masu ƙiba, kan ƙashin cinya yana iya zamewa daga wurin da yake tsiro a ƙugu, ciwon kuma sai ya bayyana a gwiwa, har a yi ta shafa magani a inda babu matsala. Ki duba ko yana ɗingishi, ko tafin ƙafar yana karkata waje idan yana tafiya. Ki kai shi a ɗauki hoton ƙugu, ba na gwiwa kaɗai ba, kuma kada a sa shi gudu ko tsalle kafin nan, domin idan zamewar ce, tiyata ce maganinta kuma jinkiri yana lalata gaɓar. Idan kuna kusa da Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana duba irin wannan. Ki kuma gaya wa likita yadda yake tashi daga ƙasa, saboda yaron da yake dafa cinyoyinsa yana miƙewa a hankali yana bukatar gwajin cutar tsoka.

Malamin Firamare:
Hajiya, idan likita ya tabbatar ƙashin lafiya lau yake, ga abin da na gani a aji. Irin waɗannan yara ba wasan suka ƙi ba, dariyar abokai suke gudu, domin su ake bari a baya a tsere, su ne kuma ba sa iya langa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 na motsa jiki kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17, amma ba dole a yi su a lokaci ɗaya ba. Tafiya Islamiyya a ƙafa maimakon hawa babur, da keke da yamma, da zama a kujera da miƙewa sau goma, duk suna gina cinya ba tare da wahalar da gwiwa ba. Zai fi kyau mahaifinsa ya riƙa fita tare da shi.

Kakar Yara:
'Yata, ki fara da abin sha. Kwalbar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi 10, kuma zoɓo da kunun aya da muke cika wa sukari ba su bambanta sosai ba. Kada dai ki hana shi abinci shi kaɗai ƙannensa suna ci, domin yana tasowa, ƙashinsa da tsokarsa suna bukatar wake, ƙwai, nono da ganye.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa shi ya yi tafiya a tsakar gida yanzu, kuma lallai ƙafar hagu tana ɗan karkata waje. Na karanta wa mahaifinsa bayanin ma'aikaciyar gashin ƙashi, ya ce gobe da safe za mu je a ɗauki hoton.