Watan sha huɗu: ƙato ne a fitowa, ko ido ne ke ruɗarmu?

Baba Mai Goro: Salamu alaikum jama'ar zaure. Jikana ya dawo daga makaranta da wata magana, wai watan daren sha huɗu da ke ɓullowa bayan magariba, ƙato jajir, girmansa ɗaya da wanda ke saman kai da tsakar dare. Na ce ya koma ya faɗa wa malaminsu ya sake duba littafi. Tun ina yaro nake kallon wata. Da girmansa yake fitowa, in ya cira sama sai ya ƙanƙance. Gani ya kori ji. Mai ja ya fito fili.

Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Baba, a gafarce ni, ni ne mai jan. Ka kafa kyamara ka ɗauki wata yana fitowa, kada ka zuƙo, kada ka sauya gilashi, ka sake ɗaukarsa can bayan isha ta yi nisa. Ka ɗora ruler a kan hotunan biyu. Faɗin ɗaya ne.

Direban Tirela: Kai ma dai, kyamara ce shaidarka? Wayata in na ɗauki wata ɗan ɗigo take fitarwa, alhali ga shi gabana ya cika gabas. Wanda ya yi ƙarya a nan ita ce, ba idon Baba ba.

Mai Hoto: Yaya Direba, ka ba ni makami da hannunka. Ɗigon nan shi ne ainihin gurbin da wata ya ci a sama, rabin digiri kacal. In ba ka yarda da waya ba, miƙe hannunka sosai, farcen ƙaramin yatsanka zai rufe shi ruf, ko yana fitowa ko yana tsaka. Manyan hotunan wata a bayan hasumiya da kuke gani, daga nesa muke tsayawa mu zuƙo da dogon gilashi.

Ɗan Kwaleji: Ni ina bayan Baba, amma da hujja. Iskar da ke ƙasa-ƙasa ta fi kauri, ga ƙura ga tururi, shi ya sa take ƙara masa girma. Ba don ita ba ma ai ba zai yi ja ba.

Malamar Kimiyya: Ƙanena, rabin maganarka daidai ne. Jan nan aikin iska ne, balle da hazon hunturu. Amma girman ba nata ba ne. Ra'ayinka tsoho ne ƙwarai, masanin taurari Batlimus na Iskandariyya ya faɗi makamancinsa tun ƙarni na 2, sai dai awo ya rushe shi. Abin da iska ke yi wa wata a bakin sama shi ne ta ɗan danne shi daga sama zuwa ƙasa, ya fito a ɗan baje, ba ta ƙara masa faɗi. Kuma in iska ce, da kyamara ta kama, tunda hasken da ya shiga idonka shi ne ya shiga gilashinta.

Ga wanda zai fi ɓata wa Baba rai. Tsakaninmu da wata kimanin kilomita 384,400 ne. Lokacin da yake bakin sama ya fi nisa da kai da kusan kilomita 6,400 a kan lokacin da yake saman kanka, domin kana hangensa ne daga gefen duniya. Wato a fitowarsa ma ya fi ƙanƙanta, da wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari.

Baba Mai Goro: Ɗiyata, to yanzu ba ma daidai ba ne, ƙarami ne? Allah ya kyauta.

Ɗan Kwaleji: Amma Malama, ai akwai daren da ake sanarwa wata ya matso kusa, ya fi girma.

Malamar Kimiyya: Akwai. Yakan matso zuwa wajen kilomita 363,000, ya ja baya zuwa wajen 405,000, bambancin faɗi ya kai kusan kashi 12 cikin ɗari. Wannan tafiyar mako biyu ce. Baba kuwa magariba zuwa tsakar dare yake magana.

Malam Na Ƙofar Mata: Bari in tsoma baki. Wanda ya fara kai maganar nan inda ta dace malaminmu ne, Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rasu wajen 1040. A cikin littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa gani ba ya ƙarewa a ido, sai hankali ya yi hukunci a kan abin da ido ya kawo. Kuma hankali yana ƙiyasta nisa ne da abubuwan da ke jere tsakaninka da abin da kake kallo. In ka dubi gabas, ga gidaje, ga bishiyoyi, ga gonaki har ƙarshen gani, sai ka ji wurin da nisa. In ka ɗaga kai ba komai tsakani, sai sama ta zama kamar faranti a kife, tsakiyarta kusa, gefenta nesa. To abu biyu da suka ci gurbi ɗaya a ido, wanda hankali ya ɗauka ya fi nisa shi zai ba girma. Ido bai yi ƙarya ba, alƙalin da ke bayansa ne ya yi gaggawa.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, Allah ya ƙara sani, amma nan na tsaya. Ka ce hankalina ya ɗauka yana nesa. Ni kuwa in ya fito ji nake ya matso, kamar yana bayan gidan maƙwabta. Ta ina nisan ya shigo?

Malamar Kimiyya: Hajiya kin taɓo inda masana kansu suke cacar baki har yau. A 1962 masana biyu, Lloyd Kaufman da Irvin Rock, a Amurka sun gwada, suka ga in aka kare wa mutum ƙasa ya daina ganinta, ruɗin yana raguwa sosai. Wannan ya ƙarfafa Ibnul Haisam. Sai dai yawancin mutane abin da kika faɗa suke faɗa. Masu kare shi suna cewa lissafi biyu ne: na farko a ɓoye yake, shi ya kumbura watan, na biyu kuma ke ce kika ga ƙato kika ce lallai ya matso. Wasu sun ce a bar batun nisa, kwatanci ne kawai, wata kusa da ƙananan rufin gidaje ya fi cika ido a kan wata shi kaɗai a fili fetal. Ni na fi karkata ga masu kare Ibnul Haisam, ko da yake amsar tasu tana da ɗan ƙamshin kare kai.

Direban Tirela: To ai duk ɗaya ne da kawalwalniya. Da rana tsaka a hanyar Kano zuwa Zariya sai ka hango ruwa kwance a kwalta, ka iso babu.

Mai Hoto: Ba ɗaya ba ne, Yaya. Kawalwalniya ina iya ɗauko maka ita a hoto, domin iska mai zafi a saman kwalta ce ke lanƙwasa haske da gaske, hoton sama kake gani a ƙasa. Ita a waje take. Ƙaton watan Baba kuwa ba ya shiga kyamara, a kai yake.

Ɗan Kwaleji: In haka ne, ina makomar shaidar masu ganin jinjirin wata?

Malam Na Ƙofar Mata: Kada ka haɗa mana zance, ɗalibi. Shi ana tambayarsa ya gani ko bai gani ba, ba a tambayarsa faɗinsa. Kuma don an san ido na iya kuskure ne ake tantance mai shaida kafin Sarkin Musulmi ya yi sanarwa.

Malamar Kimiyya: Baba, ga gwaji biyu marasa kuɗi. Naɗe takarda ka leƙa watan ta ciki yadda ba ka ganin gidaje. Ko ka juya masa baya, ka sunkuya ka hango shi ta tsakanin ƙafafunka. Mutane da yawa suna ganin ya koma daidai.

Baba Mai Goro: Da furfurata zan yi goho a ƙofar gida, unguwa ta ce goro ya taɓa ni? Takardar dai zan gwada. Amma ki faɗa min tsakani da Allah, ke da kika san lissafin nan duka, in ya fito ƙarami kike ganinsa?

Malamar Kimiyya: Ƙato nake ganinsa, Baba, kamar kowa. Sanin bai rage shi ko kaɗan ba.

Baba Mai Goro: To kun ji. A rubuta ta yarda.

Hajiya Mai Atamfa: Ba abin da ta yarda da shi ke nan ba, Baba. Kai dai a ba jikan nan haƙuri.