Karenmu ya dawo jiki duk taɓo, na wanke shi, yanzu kuma sai susa yake

Uwar Gida: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Karen nan na ƙanen maigidana ne, ya tafi karatu ya bar mana, wai na ɗan lokaci. Tun daga nan abincinsa da sharar wurinsa duk a wuyana suke, ga yara sun shaƙu da shi, in na ce a bayar sai kuka. Mai yawan gashi ne. Da aka yi ruwa ya tsinke igiya ya dawo jiki duk taɓo har cikin kunne. Na kama shi da dare na zuba masa garin sabulun wanki, na feshe shi da tiyo tun daga kai. Yanzu sai kaɗa kai yake yana susa, fatarsa tana fitar da fari-fari. In sake wanke shi ne?

Mai Karnuka: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki sake. Sabulun wanki na kaya ne, yana kwashe maiƙon da ke kare fatarsa. Ko shamfu na mutane bai dace ba, domin fatarmu ta fi tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH (ƙaramar lamba na nufin tsami ya fi yawa) tamu kusan 5.5 ce, ta kare kuwa tana kusa da 7. Kaɗa kan nan ruwa ne ya shiga kunne. Ana sa ɗan dunƙulen auduga a bakin kunnen kafin wanka, fuska kuma da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Ruwa ya zama mai ɗumi-ɗumi, a fara daga wuya zuwa baya. Kuma kare mai gashi, a bar taɓon ya bushe tukuna a taje, rabinsa zai zube. Gashin da ya cukurkuɗe in ya sha ruwa ƙara ɗaurewa yake.

Uwar Gida: Malam, da dare ne fa, ga wari, yara suna ta taɓa shi. Wa zai zauna jiran bushewa? Kuma kaɗan na zuba.

'Yar Asibiti: Ni ina bayanki a nan. Ya danganta da inda ya yi birgimar. In kwata ce ko ruwan da ya kwanta, akwai cutar leptospirosis da ke fitowa daga fitsarin ɓera, tana kama kare tana kama mutum. Irin wannan a ɗauraye nan take da ruwa zalla, ki sa safar hannu. An yi masa rigakafi? A ina ya shiga taɓon?

Baban Yara: Ku ma da kuke wanke naku. Na maƙwabcinmu kullum sai ya shigo ya girgije jikinsa kusa da shanyarmu. Na yi magana har na gaji, matata ta sake wanki ya fi a ƙirga.

Ɗan Kasuwa: A shafa masa kananzir kawai, kaska da ƙuma duk su mutu, susar ta tsaya.

Mai Karnuka: Subhanallah! Kananzir yana ƙona fata, kuma kare zai lashe ya shiga cikinsa. Haka magungunan wanke banɗaki. 'Yar'uwa ta asibiti, maganarki tana kan hanya, amma ba kowane taɓo ne na kwata ba. Hajiya, kin goge shi da tawul? Danshi a ƙarƙashin gashi mai kauri shi ke jawo gyambo. Ki duba tsakanin yatsunsa, tsakuwa da ƙaya suna maƙalewa. Ki sansana kunnen, in yana wari ko ya yi ja, likitan dabbobi kawai, kada ki tura tsinken auduga ciki.

Uwar Gida: Tawul kuma? Ai da kansa ya bushe. Maganar allura sai mai karen, shi kuma ba ya ɗaukar waya. Ni dai ina ganin sabulun ne bai fita duka ba, gobe zan ƙara ɗauraye shi.

'Yar Asibiti: Har yanzu ba ki ce a ina ya shiga taɓon ba.

Baban Yara: Nawa maƙwabcin ma ba ya ɗaukar waya.